Hoton Jami'a da Ƙofar da Aka Rufe

Na fara ganin hoton ne a wani shagon tsofaffin littattafai a Landan, an sa shi a gilashi. Ɗakin karatun Radcliffe na Oksfod ne, da ƙubbarsa da aka kammala a 1749, ga gajimare mai laushi kamar da buroshi aka shafa. Mai shagon ya ce buga shi aka yi. Daga nan na shiga bin asalinsa.

Rudolph Ackermann, Bajamushe mai shago a titin Strand, shi ya wallafa tarihin Jami'ar Oksfod a 1814, na Kambirij kuma a 1815. Masu zane irin su Augustus Pugin da Frederick Mackenzie suka zana gine-ginen, aka mayar da zanen kan farantin jan ƙarfe ta dabarar akwatint. Akan barbaɗa garin ƙaro a kan farantin, a ɗumama shi ya manne, sannan a tsoma a asid. Asid ɗin ya ci tsakanin ƙwayoyin ƙaron, ya bar ƙananan ramuka masu riƙe tawada; inda ya daɗe yana ci, nan inuwa ta fi duhu. Bayan bugu, sai a bi kowane hoto da launi da hannu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda hotunan suka yi shiru a kansa. A shekarar da aka buga su, ba wanda zai shiga Oksfod sai ya sa hannu kan aƙidu 39 na Cocin Ingila. Sai a 1854 aka sassauta wannan sharaɗi, a 1871 aka ɗage shi daga yawancin muƙamai. Mata ba su sami digiri a Oksfod ba sai 1920, a Kambirij sai 1948. Farfajiyar nan mai natsuwa, ƙofarta a rufe take ga mafi yawan mutanen ƙasar.

Littattafan ma ba su tsira ba. 'Yan kasuwa sun farke da yawa, suna sayar da hotunan ɗaya-ɗaya domin an fi samun riba. Wanda na gani ɗaya ne daga cikinsu, an raba shi da bayaninsa. Ban saya ba, amma na daɗe a tsaye ina dubansa, ina lissafin waɗanda a lokacin iyakarsu bakin ƙofa.