Tarihin Fansho a Najeriya

Fansho shi ne kuɗin da ake biyan ma'aikaci wata-wata bayan ya ajiye aiki, har ƙarshen rayuwarsa. Daga Turanci Hausa ta ari kalmar, kuma tare da aikin albashi ta shigo ƙasar. Kafin zuwan Turawa, wanda ƙarfinsa ya ƙare gidansa ne ke riƙe shi. Manomi yakan sakar wa 'ya'yansa gandu, su noma su zuba a rumbunsa. Bafade ko yaron attajiri yana ƙarƙashin inuwar ubangidansa, ci da sutura duk a wuyansa suke. Wanda ba shi da kowa kuwa, zakka da sadakar unguwa ke kai masa ɗauki. Aikin gwamnati ne ya sauya wannan lissafi. Akawu ko ma'aikacin reluwe da aka ɗauko daga garinsu, yau a kai shi Zariya, gobe Kafanchan, jibi Inugu, yakan kai tsufa ba gona ba sana'ar hannu. Dole a sami abin da zai tsaya masa a madadin rumbu.

Da farko jami'an mulkin mallaka ne suka fi cin moriyar tsarin, wato Turawan da ke gama wa'adinsu su koma Ingila. Dokar da ake ɗauka a matsayin tushen fansho a Najeriya ita ce ta 1951, wadda aka mayar da fara aikinta baya zuwa 1 ga Janairun 1946. Ta tanadi fansho da giratuti, wato kuɗin sallama da ake bayarwa a dunƙule, ga wanda ya cika shekara 10 yana aiki. Sai dai a idon wannan doka fansho alheri ne daga Gwamna. Yana da ikon rage shi ko ya hana gaba ɗaya idan aka sami ma'aikaci da sakaci ko rashin ɗa'a. Wannan ruhi ya daɗe bai bar ofisoshin gwamnati ba, domin har bayan da doka ta mayar da fansho haƙƙi, tsohon ma'aikaci ya ci gaba da zuwa nemansa da murya ƙasa-ƙasa kamar mai roƙo.

Kamfanoni masu zaman kansu sun biyo baya a hankali. Nigerian Breweries ya kafa wa ma'aikatansa tsari a 1954, UAC ya bi sahu a 1957. A 1961 gwamnati ta buɗe asusun tanadi na ƙasa domin ma'aikatan kamfanonin da ba su da fansho, inda ake cire wani abu daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara daidai da shi, a ba mutum a dunƙule ranar da ya bar aiki. Bayan zuwan naira, abin da ake zubawa bai wuce naira 4 daga kowane ɓangare a wata ba, kuma aka bar adadin a haka shekara da shekaru har ya zama ba ya sayen komai. A 1993 aka maye gurbinsa da asusun NSITF, wanda ya fara aiki a 1994.

Shekarun 1970 su ne lokacin da aikin gwamnati ya fi daraja. Kuɗin man fetur ya shigo, kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka yi ƙarin albashi har da ariyas. Shekara guda bayan haka gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata sama da 10,000, wasu ba tare da haƙƙoƙinsu ba, abin da ya nuna wa na baya cewa shekarun da mutum ya tara suna iya zubewa da sanarwa ɗaya a rediyo. A 1979 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta fitar da doka mai lamba 102, wadda ta tattara ƙa'idojin fanshon farar hula wuri guda, aka mayar da ita baya zuwa 1 ga Afrilun 1974. Sojoji suka sami tasu, mai lamba 103.

Tsarin da wannan doka ta shimfiɗa shi ne wanda yau ake kira tsohon tsari. Ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Gwamnati ce ke alkawarin biya daga kasafin kuɗin kowace shekara, kuma ana lissafi da tsawon aiki da albashin ƙarshe. Ana ritaya idan mutum ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Bayan gyaran 1992, shekara 5 ta isa a sami giratuti, shekara 10 kuma fansho. Mai shekara 10 yana samun kashi 30 cikin 100 na albashinsa, ana ƙara kashi 2 a kan kowace shekara, har mai shekara 35 ya kai kashi 80, ga giratuti ninki uku na albashin shekara. A kan takarda tsari ne mai tausayi ƙwarai. Da giratuti mutane da yawa suka gina gidan da suka ƙare rayuwa a ciki, suka aurar da 'ya'ya, suka sauke farali.

Karɓar haƙƙin ita ce inda gizo ke saƙa. Komai ya rataya a kan fayil. Mai shirin ritaya yakan ba da sanarwa da wuri, sannan ya haɗa takardar ɗaukarsa aiki ta farko, da ta tabbatar da shi, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da takardar albashi, da shaidar haihuwa. Galibin waɗanda aka haifa a ƙauyuka ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai dai takardar rantsuwar shekaru daga kotu, kuma saɓanin shekara ɗaya tsakaninta da abin da wani akawu ya rubuta tun ranar ɗaukar aiki ya isa ya tsayar da komai. Daga nan fayil ya kama hanya: ofishin ma'aikata, akanta, mai binciken kuɗi, baitulmali. Kowane tebur da sa hannunsa. Idan mutum ya yi aiki a tsohuwar Jihar Arewa, aka raba jihohi a 1967, aka sake rabawa a 1976, to fanshonsa ya kasu tsakanin gwamnatin tarayya da jiha, kuma takardunsa suna iya kasancewa a Kaduna alhali shi yana Gusau ko Azare. Shi ya sa aka san ɗan fansho da jakarsa. Takardu ne da suka yi ja don tsufa, an naɗe su a leda saboda ruwa da gara, an manna wuraren da suka yage, ana ajiye su a ƙasan adaka tare da takardar gida. Ba ya ba kowa na asali, sai kwafi.

Alkawarin da ba a ware masa kuɗi ba yana tafiya daidai ne muddin baitulmali na cike. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta haura naira 130 a 2004, kuma a 1995 hauhawar farashi ta wuce kashi 70 cikin 100. Fanshon da ya isa riƙe gida ya koma bai isa buhun gero ba, shi ɗin ma sai a yi watanni ba a gani ba. Tsarin mulkin 1999 ya yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka. Sashe na 173, da takwaransa na 210 game da jihohi, sun hana a riƙe wa mutum fanshonsa ko a rage, sun hana a cire masa haraji, sun kuma wajabta a sake duba shi duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Ba kasafai aka cika wannan sharaɗi a kan lokaci ba.

A wannan zamani ne kalmar tantancewa ta zama abin fargaba. Saboda an cusa sunayen bogi da na matattu a jerin masu karɓa, sai hukuma ta riƙa kiran kowa ya zo da ƙafarsa a gan shi. Tsofaffi sukan taso daga nesa tun asuba, wasu a kan keken guragu, wasu jika na riƙe da hannunsu, su wuni a layi cikin rana. Jaridu sun sha kawo labarin waɗanda suka yanke jiki suka faɗi, har da waɗanda suka cika a wurin. A farkon shekarun 2000 tsofaffin sojoji sun yi ta kwana a titunan Abuja suna jiran a biya su. Abin takaici shi ne sunayen bogin ba daga layi suke fitowa ba, daga cikin ofis ake rubuta su, amma wahalar gano su sai ta faɗa kan mai gaskiya. Kafin 2004 an ƙiyasta bashin fanshon da ke kan gwamnati ya kai kusan naira tiriliyan 2.

Obasanjo, wanda gwamnatinsa ta soja ta kafa tsohon tsari, shi ne ya sa hannu a dokar da ta sauya shi a watan Yunin 2004, bayan aikin kwamitin Fola Adeola, wanda ya ɗauki darasi daga tsarin da ƙasar Chile ta fara a 1981. Sabon tsari na karo-karo ne. Kowane ma'aikaci yana buɗe asusun ritaya da sunansa, da lambarsa ta kansa, a kamfanin kula da fansho da ya zaɓa. Da farko ana cire kashi 7.5 daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 7.5. Kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke ajiye su daban, don kada wuƙa da nama su haɗu a hannu ɗaya, hukumar PenCom kuma tana sa ido a kan duka biyun. Waɗanda saura shekara uku ko ƙasa da haka su yi ritaya an bar su a tsohon tsari. A 2011 aka cire sojoji da jami'an leƙen asiri. Dokar 2014, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta ɗaga karon zuwa kashi 8 daga ma'aikaci da 10 daga mai aiki.

Ragowar tsohon tsari ne ya haifi manyan badaƙaloli. A 2013 wata kotu a Abuja ta yanke wa John Yakubu Yusuf na ofishin fanshon 'yan sanda ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000, bayan ya amsa laifi a shari'ar biliyoyin naira. Ya biya tarar ya tafi gida, jama'a suka yi ca, har kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida a 2018. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora a kan kwamitin gyaran fansho, an ɗaure shi shekara takwas a Nuwamban 2021. A 2013 aka kafa hukumar PTAD domin ta riƙe 'yan tsohon tsari na tarayya, kuma daga baya ta koma tabbatar da cewa mutum yana raye ta waya ko kwamfuta, da hoton fuska ko zanen yatsa, ba sai ya yi tafiya ba.

A sabon tsari, mai ritaya kamfaninsa yake nufa. Yakan sanar da su wata shida kafin lokaci, ya kai takardar ritaya, da takardun albashi na ƙarshe, da shaidar shekaru, da hotuna, da bayanin asusun banki. Ba a taɓa kuɗin sai mutum ya kai shekara 50, in ban da rashin lafiya ko rasa aiki. Ana ba shi wani kaso a dunƙule, ragowar kuma yana da zaɓi biyu: ko kamfanin ya riƙa biyansa wata-wata daga asusun, ko ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora da zai biya shi har mutuwa. Wanda ya rasa aiki kafin shekara 50, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cirar kashi 25. Idan ma'aikaci ya rasu, magada sukan kawo shaidar mutuwa da takardar izinin gado daga kotu, kuma doka ta wajabta wa mai aiki ya yi masa inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara. Tun Nuwamban 2020 mutum yana iya sauya kamfani sau ɗaya a shekara, a 2021 kuma aka buɗe asusun da ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, abin da Musulmi da yawa suka daɗe suna nema.

Kuɗin da ya taru a tsarin ya haura naira tiriliyan 20 a 2024, masu asusu sun wuce miliyan 10. Koke bai ƙare ba duk da haka. Waɗanda suka fara aiki kafin 2004 sai gwamnati ta zuba musu haƙƙin shekarun baya kafin a fara biyansu, kuma jinkirin wannan ya sha barin mutane fiye da shekara ba albashi ba fansho. Ƙananan ma'aikata suna ganin abin da ke shigo musu ya yi kaɗan, tsofaffin 'yan sanda ma sun yi ta zanga-zangar a fitar da su kamar yadda aka fitar da sojoji. Jihohi kowace da tata doka. Legas da Kaduna sun rungumi tsarin asusu, Jigawa da Kano suna karo-karo a tukunya ɗaya, wasu har yanzu suna kan tsohon tsari da bashin giratuti na shekaru. Jihohi da dama sun yi wa tsofaffin gwamnoni dokar fansho mai tsoka, irin wadda majalisar Zamfara ta soke a 2019.

Manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda su ne mafi yawan masu neman abinci a ƙasar, ba su shiga lissafi ba sai a Maris ɗin 2019, lokacin da Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu zaman kansu. Tela ko direba ko mai sayar da hatsi yana iya zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata, kamar zubin adashi. A yadda aka fara shi, kashi 40 na abin da ya tara yana iya cira idan buƙata ta taso, kashi 60 kuma sai ya kai shekara 50.