Sarƙar Taimin da Baburan Malaman Karkara

Duk malamin da ya taɓa keta yashin da ke tsakanin Azagor da Dakoro a kan tsohon babur ya san wannan ƙara: caka-caka daga kan inji, musamman da sanyin safiya. Sau da yawa sarƙar taimin ce ta saki, siririyar nan ta cikin inji mai sa bawul ya buɗe ya rufe daidai da tafiyar fistin.

Ciwon ya girmi baburanmu. A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyi Tailan da Indunisiya da wasu ƙasashe su gano abin da ke kashe injunansa. Suka tarar ba a juye baƙin mai sai ya yi kauri kamar kunu, ƙura kuma ta toshe matatar iska. Kamar a Dakoro suka sauka! Ba su tsaya wa'azi ba. A 1975 suka fito da CG125, wanda sanduna ke tura bawul ɗinsa, babu wannan sarƙa sam. Shi 'yan Sin suka yi ta kwaikwayo har ya iso mana da araha.

Amma Boxer ta Indiya da roba-roba suna da ita. In ƙarar ta fara, kafin bakanike ya ce a sayo sabuwa, ya duba abin da ke ɗame ta tukuna. Wani lokaci shi kaɗai ya gaji. In an sauya, alamar T ta magineto ta dace da alamar faifan sama. Haƙori ɗaya ya tsallake, babur ya kasa hawa tudun yashi. In ya wuce haka, fistin ya daki bawul ya lanƙwasa shi, kuɗin gyara ya ci albashi.