Gwamnatin Shehu Shagari da Ginin Sabon Birnin Tarayya: Rabon Garin Suleja, 1979–1983

1.0 Gabatarwa

Daga cikin manufofin cikin gida da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta gada daga mulkin soja a ranar 1 ga Oktoba, 1979, babu wadda ta kai ginin sabon Birnin Tarayya cin kuɗi da jawo ka-ce-na-ce. An yi rubuce-rubuce da dama a kan birnin kansa, amma ba a cika waiwayar garin da ya ba da sunansa da mafi yawan ƙasarsa ba, wato Suleja ta Jihar Neja. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wannan gwamnati ta tafiyar da aikin, da matsalolin mulki da ta ci karo da su, da kuma irin tasirin da suka yi a kan Suleja. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, an ɗora wa garin nauyin gwamnatin tarayya alhali tsarin mulki da kasafin kuɗi sun bar shi a hannun jiha.

2.0 Abuja Kafin 1976

Asalin masarautar yana komawa ga Haɓen Zazzau. Sa'ad da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya isa Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Gwari da Koro, waɗanda da ma suna ƙarƙashin ikon Zazzau. Makau ya rasu a wajen yaƙi a Lafai a 1825, sai ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi, ya kafa gari a 1828 aka sa masa sunansa. Masarautar ta riƙe kanta har zuwan Turawan Ingila a 1902. Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta wannan tarihi da Hausa, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi.

A zamanin Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya hau sarauta a 1944, Abuja ƙaramin gari ne na manoma da 'yan kasuwa. An fi saninsa da Dutsen Zuma da kuma cibiyar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta yi suna a duniya.

3.0 Gadon da Soja Suka Bari

A watan Agusta na 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba ko Ikko za ta iya ci gaba da zama babban birnin ƙasa da na jiha a lokaci guda. Kwamitin ya ba da shawarar a gina sabon birni a tsakiyar ƙasa, a wurin da ba ya hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976 Murtala ya sanar da amincewar gwamnati, kuma a rana guda aka mayar da jihohi 19, aka ciro Neja daga Jihar Arewa Maso Yamma. Bayan kwana goma aka kashe shi.

Dokar Soja Mai Lamba 6 ta 1976 ta yanke ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, ta mallaka wa gwamnatin tarayya ita baki ɗaya, ta kuma kafa Hukumar Raya Birnin Tarayya. Mafi yawan wannan ƙasa daga masarautar Abuja aka ɗebe ta. Sai dai an ja iyaka ta yadda garin sarki ya kasance a waje, domin ana son birni wanda babu wani sarki ko wata jiha da za su ce nasu ne. Da aka ɗauki sunan Abuja aka bai wa sabon birni, sai aka raɗa wa tsohon garin Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu.

Nufin farko shi ne a kwashe dukan mazauna yankin, wato Gwari da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauransu, a sake tsugunar da su a jihohinsu da kuɗin tarayya. An yi wannan shiri ne bisa zaton cewa mutanen kaɗan ne. Da aka gudanar da bincike sai aka tarar sun haura 100,000 a cikin ɗaruruwan ƙauyuka, kuɗin diyya kuma ya fi ƙarfin aljihun gwamnati. Saboda haka a 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya shawara: waɗanda gini ya shafa kai tsaye ne kaɗai za a tayar, sauran kuwa su zauna. A farkon 1979 wani rukunin kamfanonin Amurka ya miƙa babban tsarin birnin, daga baya aka ba Kenzo Tange, masanin zanen gine-gine daga Japan, aikin tsara tsakiyarsa. Wannan shi ne abin da farar hula suka tarar: takardun tsari cikakku, da daji, da batun tsugunarwa wanda ba a warware ba.

4.0 Manufar Gaggauta Ƙaura

Shekarar 1979 ta zo wa Suleja da sauye-sauye uku. Sarki Sulaimanu Barau ya rasu, Ibrahim Dodo Musa ya gaje shi. Ɗan garin, Alhaji Muhammadu Awwal Ibrahim, ya zama gwamnan Neja a jam'iyyar NPN. Jam'iyyar kuma ita ce ta kafa gwamnati a tarayya. A zahiri babu lokacin da ya fi wannan dacewa da a ji kukan garin.

Soja sun tsayar da 1986 a matsayin shekarar ƙaura daga Ikko. Shagari ya janyo wa'adin baya, yana son a fara ƙaura tun cikin zangon mulkinsa na farko. Akwai dalilai na siyasa a ciki. Ikko tana hannun jam'iyyar UPN ta Cif Obafemi Awolowo, wanda bai ɓoye ƙyamarsa ga yadda ake kashe kuɗi a kan sabon birnin ba, kuma nasarar da Shagari ya samu a zaɓen 1979 sai da ta je Kotun Ƙoli a kan lissafin kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Saboda haka kafa ginin da ba za a iya janyewa daga gare shi ba ya zama wa NPN abin bugun ƙirji. An naɗa John Jatau Kadiya ministan birnin, daga baya Iro Abubakar Ɗanmusa ya gaje shi, sannan Haliru Dantoro. Ranar 1 ga Oktoba, 1982 aka yi bikin cikar Nijeriya shekara 22 da samun mulkin kai a Abuja, karo na farko.

Gaggawa kuwa tana da farashinta. An riƙa ba da kwangiloli da yawa a lokaci ɗaya, ana kuma biyan kuɗin somin aiki tun kafin a ga tubali. Jaridu da 'yan adawa sun yi ta zargin cewa kwangilar Abuja ta zama hanyar saka wa magoya bayan jam'iyya, kuma an bar ayyuka da dama ba a gama ba. Ko da yake an samar da gidaje a Garki da filin jirgin sama da manyan hanyoyi, abin da aka gina bai kai abin da aka kashe ba a idon jama'a da yawa.

5.0 Suleja a Matsayin Sansanin Aiki

Tun zamanin soja Hukumar Raya Birnin Tarayya ta kafa sansaninta a Suleja, domin shi ne gari mafi kusa da ke da kasuwa da asibiti da hanyar mota. Har yanzu akwai unguwar da ake kira da sunan wannan sansani. Da aka gaggauta aiki, sai jama'a suka kwararo: injiniyoyi da akawu-akawu, magina da kafintoci da lebura, direbobin tifa, masu abinci da dillalai, daga kowane sashe na Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. Da yake babu masauki a inda ake ginin, a Suleja suke kwana, da asuba motoci su kwashe su.

Wannan ya kawo arziki ga wasu. Kasuwa ta bunƙasa, masu gidaje suka sami 'yan haya, filaye suka yi daraja, gonakin bayan gari suka koma fuloti. Amma kuɗin haya da na abinci sun tashi a kan talakan gari wanda ba ya cin albashin tarayya. Ruwan famfo da makarantu da asibitin da aka tanada domin ƙaramin gari suka kasa ɗaukar jama'a. Unguwanni suka tsiro babu tsari babu magudanan ruwa, har zuwa Madalla da ke bakin iyaka.

A nan ne matsalar mulki ta fito fili. Tsarin mulkin 1979 ya ɗauki Birnin Tarayya tamkar jiha wadda Shugaban Ƙasa da Majalisar Tarayya ke mulka kai tsaye, don haka kuɗin hukumar a cikin iyakar birnin ake kashe su. Suleja kuwa ƙaramar hukuma ce a Jihar Neja, jihar da ita kanta sabuwa ce, tana fama da gina hedikwatarta a Minna. Ga shi kuma an daɗe ana jayayya a kan rabon arzikin ƙasa: Kotun Ƙoli ta soke dokar rabon kuɗi ta 1981 a ƙarar da Jihar Bendel ta shigar, dokar da ta biyo baya kuma ta ba tarayya kashi 55 cikin ɗari, jihohi 35, ƙananan hukumomi 10. Babu wani tanadi a cikinta domin garin da ke ɗauke da ma'aikatan tarayya a wajen iyakar birnin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

6.0 Batun Tsugunarwa da Diyya

Waɗanda aka tayar daga ƙauyukan da gini ya ci, wasunsu an kai su sababbin matsugunai a cikin Jihar Neja, kamar Sabon Wuse da ke kan hanyar Kaduna. Tsarin biyan diyya ya ta'allaƙa ne a kan gidaje da amfanin gona da itatuwa masu amfani, ban da ƙasar kanta, domin doka ta riga ta mallaka wa gwamnati ita. Ga manomin Gwari wanda doyarsa da dawarsa da kaburburan kakanninsa ke wannan ƙasa, wannan lissafi bai biya asararsa ba. Bugu da ƙari, sauya manufa da aka yi a 1978 ya raba jama'a gida biyu, waɗanda suka fita da waɗanda suka zauna a ƙasar da a shari'ance ba tasu ba ce. Gwamnatin Shagari ba ta warware wannan ƙulli ba, kuma gwamnatocin da suka biyo baya sun yi ta sauya manufa tsakanin tayarwa da barin mutane a inda suke. Masarautar Suleja a nata ɓangaren ta rasa gundumomin da a da suke kawo mata haraji da gaisuwa.

7.0 Faɗuwar Kuɗin Mai da Ƙarshen Jamhuriya ta Biyu

An tsara dukan manyan manufofin gwamnatin, wato Abuja da shirin bunƙasa noma na 1980 da gidaje masu sauƙin kuɗi da masana'antun ƙarfe na Ajaokuta da Aladja, bisa zaton cewa kuɗin mai zai ci gaba da hauhawa. Shirin raya ƙasa na huɗu, na 1981 zuwa 1985, an ƙiyasta zai ci Naira biliyan 82. Amma daga 1981 kasuwar mai ta duniya ta cika ta batse, man da Nijeriya ke haƙowa ya sauko daga kimanin ganga miliyan 2 a rana a 1980 zuwa ƙasa da miliyan 1.5 a 1982. A shekarar 1981 ɗin ce kuma ƙawancen NPN da NPP ya wargaje, ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari wanda ya kai ga mafi ƙarancin albashi na Naira 125.

A watan Afrilu na 1982 gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, ta taƙaita shigo da kaya. Da yake siminti da rodi da injuna akasari daga waje ake kawo su, aikin gini ya yi sanyi. 'Yan kwangila suka rage ma'aikata, waɗanda aka sallama kuwa da yawansu ba su koma garuruwansu ba, a Suleja suka zauna suna jiran aiki ya farfaɗo. Korar baƙin haure da aka yi a Janairun 1983, wadda ta fi shafar 'yan Gana, ta ƙara girgiza sana'ar gini a duk ƙasar.

Shagari ya sake cin zaɓe a watan Agusta na 1983, zaɓen da aka yi ta ƙorafin maguɗi a kansa. Ranar 31 ga Disamba ta wannan shekara soja suka kifar da gwamnati. Abin lura shi ne a Abuja juyin mulkin ya sami Shugaban Ƙasa, a can ne kuma Birgediya Ibrahim Bako ya rasa ransa. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta tsare 'yan siyasa, ta kuma sassauta gudun aikin. Ƙaurar da aka so a yi a farkon shekarun 1980 ba ta tabbata ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fahimtar cewa gwamnatin Shagari ta yi nasarar abu ɗaya babba: ta kai ginin Abuja matsayin da babu mai iya soke shi. Amma ta yi hakan ne da gaggawa, da dogaro ga kuɗin mai, ba tare da ta tsara makomar garuruwan da ke kewaye ba. Tsarin da aka kafa a wancan lokaci, na yin aiki a Abuja a kwana a Suleja, shi ne ya ɗore. Rusau ɗin da aka yi a Birnin Tarayya tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo jama'a zuwa Suleja da Madalla, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun haura 200,000. Saboda haka tambayar da ta taso tun 1979 tana nan a gaban masu mulki: wa ya kamata ya ɗauki nauyin ruwa da hanya da makarantun garin da ke yi wa tarayya hidima alhali a littafin kasafi na jiha ne? Muddin ba a sami wata hukuma ko wani asusu na haɗin gwiwa tsakanin tarayya da Jihar Neja da zai amsa ta ba, mutanen Suleja za su ci gaba da biyan wani kaso na kuɗin ginin Abuja daga aljihunsu.