Ƙungiyar BIO da Tarihin Kamun Ƙafa a Majalisar Amurka

BIO ƙungiya ce ta kamfanonin da ke sarrafa ƙwayoyin halitta don haɗa magunguna, alluran rigakafi da irin shuka. Hedikwatarta tana Washington, kuma babban aikinta shi ne kamun ƙafa wurin 'yan majalisa da hukumomin gwamnatin Amurka, domin dokoki su fito yadda mambobinta suke so.

Tushen wannan sana'a yana komawa shekarar 1980. A watan Yuni na shekarar, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, cewa masanin kimiyya Ananda Chakrabarty na iya mallakar haƙƙin wata ƙwayar bakteriya da ya sarrafa don ta riƙa narkar da ɗanyen mai. A watan Disamba kuma aka sa hannu kan dokar Bayh-Dole, wadda ta bai wa jami'o'i damar mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati, su ba kamfanoni lasisinsa. Daga nan masu zuba jari suka yi ca. Ƙungiyoyi biyu suka ɓullo, ɗaya ta manyan kamfanoni, ɗaya ta ƙanana, sai a 1993 suka haɗe suka zama BIO, ƙarƙashin Carl Feldbaum, tsohon shugaban ma'aikatan Sanata Arlen Specter.

Wanda zai fahimci abin da ƙungiyar take nema sai ya san halin mambobinta. Yawancinsu ƙananan kamfanoni ne da ke shafe shekaru suna gwaji ba su sayar da ko ƙwaya ɗaya ba, da kuɗin masu zuba jari suke rayuwa. Shi kuwa mai zuba jari lissafinsa ɗaya ne: in maganin ya fito, shekara nawa za a yi ana sayar da shi babu kishiya a kasuwa? Don haka kusan duk faɗan BIO faɗa ne a kan shekaru da farashi. Da wannan hujja ta yaƙi shirin lafiya na Shugaba Clinton a 1993 zuwa 1994, wanda ya tanadi sa ido kan farashin sababbin magunguna.

Hanyoyin kamun ƙafar ba ɓoyayyu ba ne, tunda dokar 1995 ta wajabta yin rajista da bayyana kuɗin da aka kashe. Ana kai shugabannin kamfanoni ofisoshin 'yan majalisa, kowa wurin wakilin mazaɓarsa, ya nuna masa yawan guraben aikin da kamfaninsa ya samar. Ana tafiya da ƙungiyoyin majinyata, domin ɗan majalisar da zai iya musu da attajiri ba zai iya musu da uwar yaro marar lafiya ba. Sannan ana ɗaukar tsofaffin 'yan majalisa aiki. James Greenwood, wakili daga jihar Pennsylvania wanda ya jagoranci ƙaramin kwamitin bincike da ke sa ido kan kamfanonin magunguna, ya bar majalisa ya shugabanci BIO daga 2005 zuwa 2020. Doka ba ta hana ba, amma abin dubawa ne a ce mai bincike ya koma kakakin waɗanda yake bincika.

Babbar nasarar ƙungiyar ta zo a 2010. Ana tsara yadda wasu kamfanoni za su riƙa yin makamantan magungunan da ake samarwa daga ƙwayoyin halitta masu rai, don farashi ya sauka. Ɗan majalisa Henry Waxman ya nemi a ba mai asalin maganin kariyar shekara 5, fadar Shugaba Obama ta ce 7, BIO da magoya bayanta irin su 'yar majalisa Anna Eshoo suka tsaya a kan 12. A dokar lafiya da Obama ya sa wa hannu, 12 ɗin ce ta tabbata. Kowace shekara a cikin wannan rata kuɗi ne da ke fita daga aljihun majinyaci ko baitulmali.

A ɓangaren noma, rigimar ta tambarin abinci ce. A 2012 masu zaɓe a California suka ƙi amincewa, da ƙaramin rata, a tilasta rubuta wa abinci cewa an sauya ƙwayoyin halittarsa, bayan kamfanin irin shuka na Monsanto da manyan kamfanonin abinci sun kashe sama da dala miliyan 40 wajen yaƙin. A 2016 dokar tarayya ta shafe dokar jihar Vermont da ta tilasta irin wannan rubutu, ta kuma yarda a sa lambar da ake dubawa da waya maimakon rubutu ƙarara.

Lokacin annobar korona hannun ƙungiyar ya kai har ƙasashe masu tasowa. A Oktoba 2020 Indiya da Afirka ta Kudu suka nemi Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ta jingine haƙƙin mallakar fasahar rigakafi da magungunan cutar. BIO ta yi adawa, ko bayan gwamnatin Biden ta goyi bayan jingine na rigakafi a Mayu 2021. Matsayar da aka cimma a Yuni 2022 ta tsaya a kan alluran rigakafi kaɗai, ba ta haɗa da magunguna da kayan gwaji ba.