Zanen Kangayen Roma na Piranesi

Giovanni Battista Piranesi, haifaffen yankin Benis a Italiya a 1720, ya zo Roma a 1740 da burin zama magini, sai aikin gini ya ƙi samuwa. Ya koyi zanen tagulla a hannun Giuseppe Vasi, kuma da wannan sana'a ce ya yi suna.

Aikin na haƙuri ne. Ana shafe farantin tagulla da kaki, mai zane ya bi da allura yana yage kakin layi-layi, sannan a tsoma farantin a ruwan asid ya cinye inda aka tone kaɗai. Daga nan a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a danna kan takarda mai danshi. Hoton kan fito a juye, hagu ta koma dama. Piranesi yakan sake tsoma faranti don layukan su ƙara zurfi, shi ya sa inuwar bangayensa take baƙa ƙirin.

A zamaninsa shanu ne ke kiwo a tsohon dandalin Roma, ƙasa kuma ta binne gindin ginshiƙai. Haka ya zana su, da ciyawa a saman bango da mabarata a ƙasa. Amma mutanen nan ya mai da su 'yan mitsi-mitsi da gangan, domin ginin ya ƙara cika ido. Wanda ya ɗauki zanen a matsayin hoto tsagwaronsa ya yi kuskure, domin Piranesi gardama yake yi. Masana irin su Winckelmann na cewa fasahar Girkawa ce uwa, shi kuwa a littafinsa na 1761 ya dage cewa girman ginin Romawa gadon Etruskawa ne, mutanen ƙasar tun fil'azal. Duk da haka bai yi wasa da awo ba: kundinsa na 1756, Le Antichità Romane, mai juzu'i huɗu, cike yake da taswirar kaburbura da gadoji da hanyoyin ruwa.

Matafiya masu hannu da shuni, musamman 'yan Ingila, sun yi ta sayen zanukansa suna kaiwa gida. Piranesi ya rasu a 1778. Ɗansa Francesco ya kai farantan zuwa Faris, daga baya aka dawo da su Roma, inda suke ajiye har yau.