Adam A. Zango: Daga Bakin Fiyano Zuwa Kujerar Furodusa

Adam Abdullahi Zango mawaƙi ne, makaɗi, jarumi kuma furodusan fina-finan Hausa da faya-fayan bidiyon waƙa. An haife shi a shekarar 1985, asalinsa daga Zangon Kataf ta Jihar Kaduna, ya kuma yi ƙuruciyarsa a Jos. Galibin masu kallo sun san shi ne da rawa da fitowa a matsayin jarumi, sai dai ƙofar da ya bi ya shiga masana'antar daban ce da ta takwarorinsa. A farkon shekarun 2000 aikinsa shi ne zama a situdiyo yana haɗa kiɗan waƙoƙin da ake sakawa a fina-finai. Wannan mafari shi ya tsara sauran tafiyarsa, domin waƙa ce ta ɗaga shi, ita ta kai shi gidan yari, ita ce kuma ta riƙe shi a lokacin da kasuwar faifai ta durƙushe.

Kasuwar da ya tarar

Fim ɗin bidiyon Hausa na farko da ya shiga kasuwa shi ne Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Shekarun da suka biyo baya na lalube ne. Abin da ya sauya lissafi shi ne Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka ja ragamarsa, sai Wasila na Yakubu Lere a shekarar 2000. Waƙoƙin waɗannan fina-finai sun riga su shiga gari. Mai shayi, direban bas da 'yan mata a gidan biki duk sun haddace su tun kafin da yawansu su ga fim ɗin. A tsakanin nan ne Sunusi Shehu Daneji ya laƙaba wa masana'antar sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme kuma ta fara fitowa a watan Maris na 1999.

Ɗan kasuwa zai fi kowa saurin gane yadda harkar ke tafiya. Furodusa shi ne mai neman kuɗi, ya sayi labari, ya ɗauki darakta da jarumai, ya biya abinci da mota da masauki a wurin ɗaukar fim. Idan an gama, ba shi ke sayar wa mai kallo ba. Kwalin kaset yake bugawa ya kai wa dillalan Ƙofar Wambai da Bata tare da uwar kaset, su kuma su kwafa su zuba a kwalayen. Ribarsa tana rataye da yawan kwalin da dillali ya yarda ya ɗauka, dillali kuwa ba ya zama ya kalli fim na awa biyu kafin ya yanke shawara. Tallar da ake maƙalawa a farkon wasu fina-finai yake dubawa, kuma zuciyar tallar ita ce waƙa. Idan ta kama, kwali ya tafi. Idan ba ta kama ba, ko labarin ya kai zuma daɗi sai ya kwana a shago. Daga Kano kayan ke bazuwa zuwa Katsina da Daura, su haye iyaka ta Kwangwalam zuwa Damagaram, ko ta Jibiya zuwa Maraɗi, domin Jamhuriyar Nijar babbar kasuwa ce ga fim ɗin Hausa tun zamanin kaset.

A irin wannan tsari, yaron da ke zaune gaban fiyanon Yamaha yana riƙe da rabin jarin furodusa, ko da kuwa ladan da ake ba shi bai taka kara ya karya ba. Zango ya fahimci haka da wuri. Ya tashi daga bayan fiyano ya koma gaban kyamara, inda salon rawarsa ya sa aka riƙa kiran sa Usher, sunan wani mawaƙin Amurka. Daga nan sai ya yi abin da kaɗan ne suka gwada a lokacin: ya raba waƙa da fim, ya sayar da ita ita kaɗai a matsayin bidiyo.

Bahaushiya da ɗaurin 2007

Faifan shi ne Bahaushiya, kuma ya fito a mafi munin lokaci. A watan Agustan 2007 wani hoton bidiyo na sirri da ya shafi wata 'yar fim ya bazu a wayoyin hannu, jama'a suka harzuƙa, masallatai da gidajen rediyo suka ɗauki zafi. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Malam Abubakar Rabo Abdulkarim a kan Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 2001 bayan ƙaddamar da Shari'a, aka kuma dakatar da ɗaukar fim a jihar har zuwa watan Fabrairun 2008.

A watan Satumbar 2007 aka kama Zango. Laifin da aka tuhume shi da shi biyu ne a haɗe: fitar da faifan ba tare da ya bi ta hannun hukumar ba, da kuma shiga da rawar da ke cikinsa, waɗanda aka ce sun saɓa wa tarbiyya. Kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata uku da tarar naira 100,000.

Bai zama na ƙarshe ba. A 2008 aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro saboda wata waƙa da rawa a fim ɗin Ibro Aloko. A watan Disambar wannan shekara aka ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyantama kan fim ɗinsa Tsintsiya da batun rajistar kamfani, hukuncin da babbar kotu ta soke daga baya. A 2009 aka kama Aminu Ala, aka kuma haramta jerin waƙoƙi 11, ciki har da Oyoyo, wadda Zango ya yi bayan fitowarsa yana mayar da martani ga waɗanda suka ɗaure shi. Haramcin bai hana ta yawo ba, domin a lokacin waƙa ta daina buƙatar shago. Daga waya zuwa waya take tafiya.

Har yau ra'ayi ya rabu kan wannan zamani. Masu goyon bayan hukumar na cewa masana'antar ta yi sakaci da tarbiyya har sai da aka ja mata linzami, kuma ba a rasa gaskiya a maganarsu ba. Amma wanda ya bi shari'o'in ɗaya bayan ɗaya zai lura cewa an yi su cikin gaggawa, kuma sakamakon da ya fi fitowa fili shi ne ƙaura: 'yan fim da dama, har da Zango, suka tattara suka koma Kaduna da wasu garuruwa, kuɗin da ake kashewa a Kano wajen masauki, sufuri da abinci ya bi su.

Kamfanin kansa

Bayan guguwar ta lafa, Zango ya ci gaba da fitowa a fina-finan wasu, kamar Ga Duhu Ga Haske na darakta Aminu Saira, amma ƙarfinsa ya koma kan kamfaninsa na Prince Zango. A nan ya fitar da ayyukan da aka fi danganta shi da su a matsayin furodusa. Basaja labarin ɗan damfara ne mai sauya kama yana wanke masu kuɗi. Gwaska kuwa labarin wani mai rufe fuska ne da ke ƙwace dukiyar azzalumai yana taimakon talakawa, kuma ya samu ci gaba da sunan Gwaska Return. Dukansu sun kauce wa labarin soyayyar mutum uku da ya cika kasuwa, suka karkata ga faɗa, tsere da ɓad-da-kama. Masu suka sun ce an ari da yawa daga fina-finan Indiya da na Amurka. Masu saye ba su damu ba. Ya kuma tara matasan mawaƙa a ƙarƙashin inuwar White House Family, wato ya koma yi wa wasu abin da situdiyo ta yi masa.

Sai dai a daidai wannan lokaci ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin kowane furodusa. Satar fasaha ta daɗe, amma masu tura fim a katin waya kan 'yan kuɗi ƙalilan su suka ƙarasa faifan sidi. Dillalan da a da suke rububin kwali suka sauya sana'a. Fatan da aka ɗora wa gwamnati ma bai cika ba: a watan Yulin 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta janye shirin gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Ƙofa ta Ƙaramar Hukumar Bebeji, bayan malamai da dama sun yi tir da shi. Watanni uku bayan haka ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda fitowarta a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. Shekara tara bayan Bahaushiya ke nan, bidiyon waƙa bai daina zama wurin da aka fi saurin kama ɗan fim ba, sai dai a wannan karo 'yan uwanta ne suka yanke hukuncin, ba kotu ba.

Zamanin YouTube

A watan Agustan 2019 Zango ya sanar da ficewarsa daga Kannywood, yana kuka da shugabancin masana'antar, ya ce zai ci gaba da aikinsa shi kaɗai. A cikin wannan shekara ya sanar da ɗaukar nauyin karatun ɗalibai 101 a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Zariya, lamarin da ya jawo yabo da muhawara a shafukan sada zumunta. Ficewar ba ta zama rabuwa ta har abada ba, domin an ci gaba da ganin sa a fina-finai tare da tsofaffin abokan aikinsa.

Abin da ya sauya da gaske shi ne hanyar samun kuɗi. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da shiri mai dogon zango ta hanyar Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad, ɗan Bakori ta Jihar Katsina, suka nuna cewa furodusa zai iya rayuwa ba tare da Ƙofar Wambai ba. Zango ya bi sahu da shirin Farin Wata Sha Kallo a tasharsa ta YouTube, inda yake kuma sakin bidiyon waƙoƙinsa. A wannan tsari kuɗi na zuwa ne daga yawan masu kallo, da tallar da kamfanoni da 'yan kasuwa ke sakawa a tsakiyar shiri, da wasannin sallah da gayyatar biki a gida da ƙasashen maƙwabta. Mai shagon atamfa ko mai maganin gargajiya da ya biya a ambaci hajarsa na cikin waɗanda suka gaji kujerar dillalin kaset. Bidiyon waƙa na minti huɗu ya fi shirin awa guda arhar haɗawa, kuma mutum kan maimaita kallonsa sau da dama, abin da ba ya yi wa fim.

Hukumar tace fina-finai ta Kano na nan, kuma a shekarun baya-bayan nan ta faɗaɗa ikonta zuwa shirye-shiryen da ake sakawa a YouTube, tana neman a kawo su ta duba kafin a sake su.