Awa Takwas da Layin da Malam Ya Ja a Allo

Tun bara Edita yake matsa mani lamba in rubuto wani abu cikin wannan mujalla tamu, ni kuwa ina ta zillewa, har sai da labarin rasuwar abokina ya iske ni, wanda muka yi shekara biyar yana gadon sama ina na ƙasa. 'Yan ajinmu sun san wanda nake nufi, don ba wanda ya kai shi gardama a ɗakin kwana, shi ne kuma muka laƙaba wa suna Kwamared. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. Akwai wata magana da muka yi fiye da shekara arba'in muna ja da shi, ita nake so in shimfiɗa a nan, tun da yanzu ba ya nan balle ya katse ni.

Waɗanda muka yi aji huɗu tare a 1975 za su tuna da wani ɗan bautar ƙasa da aka turo ya koya mana tarihi, siriri mai gemu, wanda ya fito daga jami'a a Zariya. Wata rana, maimakon ya ci gaba da daular Songhai, sai ya ɗauki alli ya ja dogon layi a allo, ya datsa shi a tsakiya. Ya ce, "Wannan layi yinin ma'aikaci ne. Daga farko zuwa wannan datsi yana samar da abin da ya kai darajar ladan da za a biya shi. To, daga datsin zuwa ƙarshe fa, wa yake yi wa aiki?" Muka yi tsit. Aka kaɗa ƙararrawar abinci, muka watse da gudu, ranar shinkafa ce. Mutum ɗaya kaɗai ya tsaya ya kwafi layin nan cikin littafinsa.

Layin ba na Malam ba ne, na Kal Maks ne, Bajamushen da aka haifa a garin Trier a 1818, wanda hukumomin Turai suka yi ta kora daga wannan ƙasa zuwa waccan har ya sauka Landan a 1849, ya zauna can har mutuwarsa a 1883. Cikin talauci ya yi yawancin zaman, har akan kai kwat ɗinsa jingina, in kuwa kwat na wurin mai jingina lokacin sanyi, to, ba fita. Mai ɗaukar nauyinsa shi ne abokinsa Engels, wanda mahaifinsa ke da hannun jari a wata masana'antar zare a Manchesta. Watau da ribar gumin masu kaɗi aka ciyar da mutumin da ya rubuta littafin tonon asirin riba. Kwamared ba ya son in tuna masa wannan, ni kuwa ban taɓa fasawa ba.

Littafin, Das Kapital, ya fito a 1867. Yawancinmu da muka sayi kwafen da ake bugowa daga Mosko da araha ba mu wuce shafi na ashirin ba, don farkonsa tauri gare shi kamar ganda. Amma can ciki akwai babi guda kan tsawon ranar aiki wanda ko ɗan aji uku zai iya karantawa. Hujjar Maks a nan mai sauƙi ce. Mai masana'anta ya sayi ƙarfin ma'aikaci na yini guda, ya biya, bai yi sata ba a idon shari'a. Sai dai ba wanda ya faɗi ko yini awa nawa ne. A misalin Maks, awa shida sun isa ma'aikaci ya mayar da kuɗin ladansa, duk abin da ya biyo baya rara ce, ita ce kuma asalin riba. Don haka mai jari yana da hujjar ja layin ya yi tsawo, tun da ya saya, ma'aikaci kuma yana da hujjar cewa kada a cinye masa ƙarfin shekara talatin cikin shekara goma. In hujja biyu suka yi kunnen doki, ba alƙali ke raba su ba, sai wanda ya fi ƙarfi.

Abin da ya ba babin nan nauyi shi ne Maks bai ƙago shaidunsa ba, daga rahotannin sufetocin gwamnatin Ingila ya kwaso su. A 1833 majalisa ta yi dokar hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara 9 aiki a masaƙun auduga, ta ce mai shekara 9 zuwa 13 kada ya wuce awa 9 a yini, matasa zuwa shekara 18 kuma awa 12. Jama'a ku duba, wannan fa ita ce sassauci! Sufeto huɗu aka naɗa wa ƙasar duka. A 1837 wani shehun malamin tattalin arziki na Oksfod, Nassau Senior, ya yi lissafi ya ce duk ribar masaƙa cikin awa ta ƙarshe take, in aka rage awa ɗaya masana'antu za su durƙushe. A 1847 aka yi dokar awa goma ga mata da matasa, masaƙun Ingila kuwa ba su durƙushe ba, sai ma bunƙasa da suka yi cikin shekarun da suka biyo. Tun daga lokacin na lura, duk sanda aka yi maganar ƙarin albashi ko ragin awa, sai an sami jikan Senior ya fito da lissafinsa.

Masu masaƙa ba su miƙa wuya haka nan ba. Sufetoci, musamman wani mai suna Leonard Horner wanda Maks ya yaba wa ƙwarai, sun rubuta yadda ake tayar da inji kafin lokaci, a kashe shi bayan lokaci, a gutsiri minti biyar a farkon hutun abinci, a gutsiri biyar a ƙarshensa. Dokar kuma ba ta shafi kowace sana'a ba. A watan Yuni na 1863 wata yarinya 'yar shekara 20, Mary Anne Walkley, mai ɗinki a wani babban shagon Landan, ta mutu bayan ta yi awa 26 da rabi tana aiki ba hutu, ita da 'yan mata sittin, talatin a ɗaki guda, suna gaggawar gama rigunan matan manya don wata liyafar gidan sarauta. Abin da ya dami uwar ɗakinta shi ne ta mutu ba ta ƙarasa ɗinkin da ke hannunta ba.

Daga awa goma sai aka koma neman takwas. Magina dutse a Melbon ta Ostareliya sun samu tun 1856. Ƙungiyar ma'aikata ta duniya da aka kafa a Landan a 1864, wadda Maks ke cikin shugabanninta, ta yi taro a Janiba a 1866 ta sa awa takwas cikin buƙatunta. Amma inda aka zubar da jinin da ya sa maganar ta game duniya, Amurka ne, shekara uku bayan mutuwar Maks.

Ƙungiyoyin ƙwadagon Amurka sun sa ran 1 ga watan Mayu 1886 a matsayin ranar da awa takwas za ta fara aiki, ko masu masana'antu sun so ko sun ƙi. Dubban ɗaruruwa suka shiga yajin aiki, birnin Shikago ne kuma cibiya. Ran 3 ga wata 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu yaji a bakin masana'antar McCormick, suka kashe mutane. Kashegari da dare aka kira taron nuna fushi a dandalin Haymarket. Taro ya kusa watsewa, ana yayyafi, sai 'yan sanda suka zo korar sauran, wani ya jefa bom. 'Yan sanda bakwai suka mutu, da aƙalla mutum huɗu daga cikin jama'a. Har yau ba a tabbatar da wanda ya jefa bom ɗin ba, amma aka gurfanar da mutum takwas saboda abin da suka faɗa da abin da suka rubuta. Ran 11 ga Nuwamba 1887 aka rataye huɗu, ɗaya ya kashe kansa a kurkuku kafin ranar, sauran ukun kuma gwamnan jihar, Altgeld, ya sake su a 1893, ya ce shari'ar ba ta gaskiya ba ce. Don a yi adalci, mutanen nan ba almajiran Maks ba ne sosai, 'yan aƙidar rushe kowace irin hukuma ne, waɗanda shi Maks ya yi ta faɗa da shugabanninsu. Amma taron 'yan gurguzu na Faris a 1889 ne ya ɗauki ranar, ya ce ma'aikatan duniya su fito ran 1 ga Mayu 1890 don neman awa takwas. A 1919, yarjejeniya ta farko da hukumar ƙwadago ta duniya ta zartar ita ce ta awa 8 a yini, 48 a mako.

Ranar ta daɗe kafin ta zama hutu a wurinmu. Gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ce ta fara ba da hutunta a Jihar Kano a 1980, gwamnatin Shagari ta mai da shi na ƙasa duka a 1981. A lokacin ni ina Kakuri, a ɗaya daga cikin masaƙun Kaduna, ina aikin tankifa. Kwamared kuma yana sashen saƙa, ya zama sakataren reshen ƙungiya. Ga mu dai kuma, shi a sama ni a ƙasa, sai dai wannan karon ni ke riƙe da agogo.

A nan ne layin Malam ya dawo mani. Awa takwas muke yi, kashi uku a yini, kamar yadda doka ta ce. Amma umurnin da na tarar shi ne, wanda ya makara minti biyar a yanke masa kwata, sannan duk mai barin aiki sai ya share injinsa ya miƙa wa mai karɓarsa, sharar nan kuwa bayan an busa take, ba ta cikin lissafi. Ban ga komai a ciki ba sai ranar da Kwamared ya shigo ofishina ya ɗauki fensirina. Ya ce, "Tankifa, a ce minti goma ne a kan mutum dubu. Minti dubu goma ke nan, awa 166 da ɗoriya. Raba da takwas." Na raba, ya ba ni kusan 21. Ya ce, "To, kullum akwai mutum ashirin da ɗaya da ke yi wa kamfani aiki kyauta, kai ne kuma mai rubuta sunayensu." Na ce masa ni umurni nake bi, ina da mata da jariri. Da rikici ya tashi kan maganar, aka tambaye ni sunayen waɗanda suka bar injinsu ba shara, na bayar, don suna cikin littafina. Nasa ne na uku. Mun yi shekara huɗu ba ma gaisawa.

Da muka shirya, gardama ta dawo sabuwa, ni ma kuwa na yi karatu na sami makami. Gaskiya ne gwamnatin Lenin ta yi dokar awa takwas cikin kwanakin farko na juyin 1917. Amma a watan Yuni na 1940 gwamnatin Stalin ta mai da barin aiki ba izini laifin ɗauri, makarar da ta wuce minti 20 kuma ta zama laifin da ake kai mutum kotu, a yanke masa har kashi ɗaya cikin huɗu na albashi wata shida. Na ce masa, "Kwamared, ni kwata nake yankewa, naku tankifan alƙali ne." Ƙungiyar ƙwadago a can reshen gwamnati ce, ba ta isa ta kira yaji ba. Ford kuwa, uban 'yan jari-hujja, ya ba ma'aikatansa awa takwas da dala biyar tun 1914, ko da yake don ya hana su gudu ne daga wahalar aikinsa. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a watan Disamba na 1991, har gida na bi shi in yi masa ta'aziyya. A kan wannan ban canja ra'ayi ba: wanda ya ƙwace masana'anta daga hannun attajiri ya danƙa wa hukumar da ba a iya ce mata a'a, bai goge layin ba, mai riƙe da allin kawai ya sauya. Shi kuma bai taɓa yarda ba, yakan ce an karkatar da tafiyar ne. Amma ya tambaye ni ranar, "Jiya awa nawa ka yi a ofis?" Na ce takwas. Ya ce, "Wa ya ba ka?" Na fara cewa gwamnati, sai na yi shiru.

Sauran labarin kowa ya sani. Daga 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an gani, atamfar waje ta cika kasuwa, cikin shekarun 2000 masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, mutane da yawa suka mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Waɗanda muka yi faɗa a kan minti gomansu suka koma neman wanda zai saye awa goma sha biyunsu, ba su samu ba.

Ganina na ƙarshe da shi, ya rako ni bakin titi muka tare keke mai ƙafa uku. Direban ɗan wani tsohon masaƙi ne, ya gane mu, ya rusuna ya ce, "Baba, sannunku." Kwamared, da ba ya iya barin mutum ya huta, ya tambaye shi ƙarfe nawa yake fitowa. Ya ce da an sallame asuba. Yaushe yake tashi? Sai bayan isha'i. Ya ce, "To, yaushe kake haɗa balas ɗin mai keke da kuɗin mai?" Yaro ya yi ɗan tunani ya ce, "In kasuwa ta yi kyau, wajen azahar, Baba. Daga nan abin da na samu nawa ne." Kwamared ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Tankifa, ka ji? Wannan ya fi mu, shi ya san inda datsinsa yake." Na shiga keke, na ce sai na dawo da Sallah mu ƙarasa maganar.